Yadda Za Ka Yi Jinyar Kyanwa Mai Ƙaiƙayi Ba Tare da Ka Ɓata da Maƙwabta Ba

Sati uku na yi ba barcin kirki. Ƙarfe biyun dare kyanwata Gimbiya ke kama aiki a ƙarƙashin gado, ƙafar baya tana dukan gindin kunne kamar mai kaɗa kalangu. Da safe in tarar da gashi a kan tabarma, wuyanta duk ƙananan ƙuraje sai ka ce an watsa mata gero. Ita da take kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, sai ga shi ko hannu ka miƙa sai ta yi maka gurnani. Duk mai kyanwa ko kare a ƙasar Daura ya san wannan daren, saboda haka mu tafi kai tsaye.

Na ɗaya, bar kallon hanci, kalli fata. Mu ne ƙura ke sa wa atishawa. Dabba kuwa borin jininta a fata ya fi fitowa: kare ya yi ta lasar tafin ƙafa yana kaɗa kai, kunnensa na wari; kyanwa ta lashe cikinta har ya zama sanƙo. Sannan ka lura da lokacin da abin ke tashi. Da damina ƙuma ke yawa, ga bununin gero da furen ciyawa. Da kaka ana sussuka ana shiƙa, ƙaiƙayi na tashi, kuma na shaida ba kan masheƙiya kaɗai yake komawa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa hunturu ne, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ta ratso Nijar, ta shigo ta Kwangwalam ba wanda ya tambaye ta takarda.

Na biyu, nemi ƙuma ko da kana rantsuwa babu. Jiƙa farin ƙyalle, ka taje dabbar a kansa. In baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin dabbarka ke nan. Wadda jikinta ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya hana gida barci. Kuma ƙwayayen ƙumar suna cikin tsumman da take kwanciya, a wanke shi da ruwan zafi.

Na uku, toshe kunnenka. Nan ne zan daɗe, domin nan ne raina ya ɓaci. Ranar da na ambaci zancen a majalisa bayan la'asar, mutum shida suka zama likitoci. "Malam, ai baƙin mai za ka shafa mata." Wani ya ce kananzir. Wani ya ce ragowar maganin feshin wakensa yana nan, kyauta. Wata dattijuwa a layinmu, da zuciya ɗaya, ta aiko jikanta da Panadol a ƙunshe cikin leda: "In ji Iya, a jiƙa mata rabi." Jama'a, kyanwa da harshe take wanka! Duk abin da ka shafa mata ka ɗura mata ne. Hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol ɗin da ke cikin Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin ƙuma da aka yi domin kare, shi ma wani yakan sa kyanwa karkarwa har ta mutu. Baƙin mai kuwa, je ka dubi karnukan farauta da aka yi wa wannan gata, fata ta ƙone, ƙaiƙayin na nan. Mutumin da zai kwana tsaye a kan ragon da ya sayo a kasuwar Mai'adua, shi ne zai ce maka "kyanwa ce fa." Kyanwa ce, mai rai ce, kuma tun muna makarantar allo muke jin labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare.

Ina muka tsaya? Na huɗu ne ko na biyar, ɗauki duka. Goge mata jiki da tafin ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma da yamma. Yayyafa ruwa kafin shara. Fitar da ita kafin a kunna turaren wuta ko maganin sauro, wannan kuwa sai ka lallashi uwargida. Wanka kuma, in kare ne bismilla. In kyanwa ce, Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya kawo mana sauƙi shi ne kai Gimbiya wurin likitan dabbobi, cikin kwando, tsakanin mai saniya da mai akuya, ana kallona ina kallonsu. Shi ne zai bambance borin jini da ƙazuwa ko makero, waɗanda ke iya kama yaran gida. In ka ga kwantsa da majina, sau da yawa mura ce. In ka ga kyanwa tana numfashi baki buɗe, kar ka jira gobe.

Jiya Gimbiya ta kwana lafiya, mu ma haka. Don Allah, in maƙwabcinka ya zo da kukan dabbarsa, ajiye galan ɗin baƙin man, ka nuna masa hanyar asibitin dabbobi.