Masu Gaisuwa a Ƙasar Jega

Bahaushe da rana yake gaisuwa, ba da agogo ba: ina kwana da safe, barka da hantsi in rana ta ɗaga, ina wuni bayan azahar. Amma zauna tashar Jega ranar kasuwa ka sha kallo.

Akwai Mai Safiya Ba Ƙarewa, direban da ya kwana hanyar Kwantagora. Ana kiran la'asar zai fito yana murza ido, ya ce maka, "An tashi lahiya?"

Akwai Mai Ƙidaya, dattijon Maiyama. In ya kama hannunka sai ya bi gajiya, iyali, sanyi, ƙura, har jakin da ka sayar bara. Kafin ya kai "madalla", motar Yawuri ta cika ta tashi.

Sai Ɗan Agogo, ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Sha biyu saura minti ɗaya "gud monin" ne, tana gotawa "gud aftanun". Shi ne ya shiga zauren surukai bayan isha'i ya ce "gud nait", alhali Bature sai zai tafi yake faɗin haka. Wani tsohon malamin firamare ya ce, "To, a sauka lahiya."

Dillalin albasa kuwa ya haddace "e kaaro" ta Yarbawa, "jam waali" ta Fulani da "kani baani" ta Zabarmawa, amma duk na safe ne. Bafillace na jiran "jam hiiri" bayan magariba, sai ya ji ana tambayarsa kwana. Ya dai amsa, tunda ciniki ake.

Hajiya Mai Waya tana da ɗa a Amurka. Ta idar da azahar ta ce, "Ɗan nan, ina wuni?" Ya ce, "Inna, ina kwana?" Ta kashe waya ta ce boko ya koya masa barcin asara.

Gwaninsu duka shi ne Mai Amsa. Za ka same shi kwance gidan masu ɗori a Aliero, ƙafa ɗaure da karare, yana cije leɓe. Gaishe shi da kowane yare, a kowane lokaci, amsarsa ɗaya ce: "Lahiya lau, sai godiya."