Ginin Banɗaki da Turke ga Maigidan da Kuɗinsa Suka Ƙare a Falo

A yawancin gidajen ƙasar Hausa, banɗaki da turken dabbobi su ake ginawa a ƙarshe, bayan falo da ƙofar gida sun cinye kuɗi. Shi ya sa aka fi samun su a lungu ɗaya, suna maƙwabtaka, an harhaɗa su da ragowar bulo da rabin buhun simintin da ya fara daskarewa. Matsalar wuraren biyu iri ɗaya ce: a kowannensu akwai mai neman hanyar fita. A banɗaki ruwa ne, kuma so ake ya fita. A turke akuya ce, kuma so ake ta zauna. Ginin ganganci yakan haifar da akasin haka a duka biyun.

Ana farawa da zaɓen wuri. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce ramin masai ko sokawe ya nisanci rijiya da aƙalla mita 15, in da hali ma 30, kuma ya kasance a gangare da ita. To amma fili mai ƙafa 50 a kan 50, irin wanda ake yankawa a sababbin unguwanni, tsawonsa gaba ɗaya da ƙyar ya haura mita 15 ɗin. Don haka maigida mai bin ƙa'ida yakan tura ramin can jikin katanga, inda ya yi nisa da rijiyarsa, ya kuma matso ta maƙwabci. Ana gane an yi haka daga yadda gaisuwar asuba ke gajarta. Sai batun alƙibla, wadda ba a son mai zama ya fuskanta ko ya ba ta baya. Gara a tuna da wannan tun kafin a aza harsashi, domin in an manta akwai dattijon da zai tuna, ranar walimar tarewa, a gaban jama'a.

Rabin aikin banɗaki yana ga daɓe. Ana so ya karkata zuwa rariya da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma rariyar ta zama ita ce wuri mafi ƙasa a ɗakin. Wannan magana ce da kowane magini ya sani, ba kuma kowane ne ke ɗauko ma'auni dominta ba. Akwai wanda in an yi masa maganar ma'auni sai ya ce, "Haba Alhaji, ai idona ya fi shi." Idon irin wannan magini yakan aza rariya a tudu, ruwa kuma ya taru a bakin ƙofa yana jiran tsintsiya. Gwajin ba shi da tsada: a zuba buta ɗaya a tsakiyar ɗakin, a tsaya a ga inda ruwan ya nufa. Sharaɗinsa kawai a yi shi kafin a biya cikon kuɗin aiki, saboda bayan an biya, wayar magini takan shiga wurin da ba sabis.

Haɗin siminti ma yana da lissafi. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon gini biyu. Kankaren ƙasa ana yin sa ne da kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, shafen samansa kuma siminti ɗaya yashi uku. Mai neman sauƙi yakan ƙara yashi har buhu ɗaya ya yi aikin uku, sai a samu daɓen da ke bin tsintsiya kaɗan-kaɗan, wanda a shekara biyu an gama share shi zuwa kwata. Sabon kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Iyalin gida kuwa ba su san wannan lissafi ba, shi ya sa kusan kowane daɓe a ƙasar nan yake ɗauke da sawun kaza da na ɗan autan gida. In za a sa tayil, a zaɓi mai kaushi. Mai sheƙi yana da kyau a ido, amma in ya haɗu da ruwan sabulu, masu ɗori ne ke cin ribarsa.

Ruwan da ya fita daga rariya bai gama zama matsala ba. A gidan ƙasa, rariyar da ke zuba a gindin katanga tana cin ginin a hankali, har wata rana cikin malkar Agusta bango ya zauna, mai wanka ya tsinci kansa yana kallon masu wucewa. A sa bututu mai faɗin inci 2 ko fiye, ya ɗauke ruwan ya kai shi kwata ko sokawe. A kuma sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa a cikinsa kullum, domin wannan ruwan ne ke tare wari da kyankyasai. Wanda ya saki ruwan wankansa a lungu zai san duba-gari da mai unguwa sanin da bai nema ba.

Ita shawa ba ta da wani sirri sai tsawo. Ƙarfin ruwa yana zuwa ne daga yadda tanki ya ɗara kan shawa tsawo, don haka ana so gindin tanki ya ɗara kan shawar da kamar mita 2. Tankin da aka ɗora a kan bulo huɗu ba zai tura ruwa sama ba ko da an sauya mai gyaran famfo sau goma. Baƙin tanki kuma yana da nasa hali: da tsakar ranar Afrilu yana ba da ruwan da zai fige kaza, da asubahin Janairu kuma ruwan da ke sa dattijo ya tuna hukuncin taimama. Duk wanda ya sa shawa, kada ya yi kyauta da bokiti. Ruwan tanki yana da al'adar ƙarewa a daidai lokacin da sabulu ya rufe fuska.

Gyare-gyaren banɗaki ba su da yawa. Kan shawa da ya koma feshi ta gefe, yashin rijiyar burtsatse ne da farin dattin ruwa suka toshe hudojinsa: a kwance shi, a jiƙa a ruwan khal ko na lemon tsami ya kwana, a bi hudojin da allura. Famfo mai ɗiga kuwa, 'yar robar cikinsa ce ta cinye, kuma kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Duk da haka an fi son a naɗe shi da robar tayar keke, a ƙara da leda, a ɗaure da tsumma, har famfon ya yi rawani yana ci gaba da ɗiga. A bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin ƙofa da ƙasa don kada gindinta ya ruɓe, a kuma sa sakata. Gyaran murya da ajiye buta a bakin ƙofa dabaru ne masu tarihi, sai dai baƙo da yaro ba su cika karanta su ba. Makunnin wuta ya zauna a waje, nesa da jiƙaƙƙen hannu.

Turke kuma ana gina shi ne gwargwadon halin mai zama a ciki. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ta ƙware wajen hawa. Katangarta kada ta gaza mita ɗaya da rabi, kada kuma a bar turmi, tulin bulo ko kifaffen bokiti kusa da ita, domin duk matakala ce. Shingen kara ko zanar gamba ba ya tsare akuya, abincin dare ne aka kafa mata a tsaye. Rago, musamman Balami da Uda, ba ruwansa da hawa, shi karo ya sani. Turkensa ya zama itace mai tauri irin ƙirya, a binne shi kamar rabin mita, a shafe gindin da baƙin mai saboda gara. Ɗaurin wuya kada ya zama zarge, kuma in raguna biyu ne, a auna igiyoyinsu yadda kawunansu ba za su haɗu ba. In ba haka ba, ana iya yin layya tun watan Shawwal.

Mai kiwon sa yana da ƙarin darasi guda, wato ƙofa. Ana auna ta ne da girman da san zai kai bayan wata uku ko huɗu yana cin dusa da harawa, ba da ramammen da aka sauke daga mota ba. An sha ganin gidan da aka yi kiwo ya yi kyau, mai saye ya zo, aka yi ciniki, sannan aka aika a kira magini ya fasa katanga.

Ƙasan turke ya ɗara tsakar gida da kamar taki ɗaya, a daɓe shi da marmara, a karkata shi waje. Danshi ne ke kawo ruɓewar kofato, siminti mai santsi kuma yana kayar da dabba. A bar sarari tsakanin bango da rufi don iska ta ratsa, saboda zarnin fitsari yana sa dabbobi tari, yana kuma cin kwanon rufi ta ciki. Buɗaɗɗen ɓangaren kada ya kalli gabas, inda ruwan damina ke bugowa. Rufin kwano yana zafi a bazara, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, shi ya sa ake shimfiɗa kara a samansa. Wasu sukan ajiye harawa a can don su samu inuwa da rumbu a lokaci guda, wanda hakan ke ba akuya dalilin koyon hawa rufi. Komin abinci, ko da rabin duro ne, a lanƙwashe bakinsa, a ɗaga shi daga ƙasa. A riƙa tsince leda kullum, domin tana taruwa a tumbin dabba har ta kashe ta. Tsagar bango kuwa maɓoyar kaska ce, a cike ta, a bi da farar ƙasa.

Yana da kyau a ware ɗan lungu don sabuwar dabba. Wadda aka sayo daga kara, Wudil ce ko Maigatari ko Potiskum, ta yi mako biyu zuwa uku ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran, a kuma nemi malamin dabbobi ya yi wa awaki da tumaki allurar rigakafin annobar PPR, wadda ake sarrafawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. A gidaje da yawa awakin na uwargida ne, ginin turke da gyaransa na maigida, kuɗin sayarwa kuma yakan bi mai awaki. Littattafan gini ba su kawo maganin wannan ba.

Inda banɗaki da turke suka haɗa bango, kowanne ya samu magudanarsa. In aka haɗa su a bututu ɗaya, kashin awaki da ƙaiƙayi za su toshe shi, abin da ya fito daga turke kuma ya dawo ta rariyar wanka. Tagar banɗaki ta yi sama, kada kuma a mai da ita ma'ajiyar sabulu da soso, domin akuya tana ɗanɗana duka biyun. Lokacin duba rufi, cike tsaga da yashe magudana shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Daga Yuli zuwa Agusta magina suna can suna ta da katangun da suka faɗi, kuɗin aikinsu ya hau, wanda aka samu kuma sai ya ce a jira a ɗauke ruwa.