Tumatir a Kulle

Duk wanda ya san Matameye ya san gari ne da ba ya roƙon kayan miya. Ka biyo hanyar da ta taso daga Takieta ta ratsa Kance ta nufi Dan Barto, da zarar damina ta ɗauke za ka tarar fadamun Korama sun yi shar: rake, shu, salati, albasa, tattasai. Ruwa a kusa yake, rijiyar garka ba ta da zurfi. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, sana'ar ta ƙara zama da gindinta. A irin wannan gari ne mai wannan rubutu, malamin makaranta da bai taɓa riƙe hauya da son ransa ba, ya ƙudiri renon irin tumatir a ɗakin kwanansa. Saboda kunya, daga nan gaba za a riƙa ce masa gogan naku.

Waya ce ta ja masa. Wani dare cikin watan Oktoba ya ci karo da hoton bidiyo na wata Baturiya a Faransa, ta jera 'yan kofuna a bakin taga, tsiro ya fito reras kamar 'yan makaranta ranar fareti. Abin da gogan bai tsaya ya tambaya ba shi ne dalilinta. Ita sanyi take gudu. A can, raɓa mai ƙanƙara kan kashe tumatir a dare ɗaya, shi ya sa suke shuka a ɗaka mako 6 zuwa 8 kafin sanyi ya wuce, wasu har da fitila ta musamman a madadin rana. Shi kuwa ga rana kyauta a tsakar gida, ta ishi gari har a ba maƙwabta, amma ya ce akuya yake tsoro.

Ya sayo irin Roma a leda mai hoton tumatir ja wur. Giram ɗaya na irin tumatir ƙwaya ce wajen 300, gogan bai sani ba, sai ya juye ledar kaf a gwangwanayen madara goma sha biyu. Ƙasar kuwa daga bayan turken awaki ya kwaso ta, da ɗanyen kashinsu, wai don ƙarfi. Huda gindin gwangwani? Ya ce a'a, kada ruwa ya ɓata wa uwargida leda.

Uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, tumatirin ma kulle za ka yi masa?"

Ya ce mata ilimi ne.

Kwana shida, sai ga tsiro. Gogan ya kira yara su zo su ga ikon Allah, ya ɗauki hoto ya tura wa abokan aiki. Daga ranar ya tsara ban ruwa yadda ba zai manta ba: duk alwala, ragowar ruwan buta na tumatir ne. Sau biyar ke nan a yini, ban da nafila. In ya farka tsakar dare ya haska fitilar waya ya ga saman ƙasa ya ɗan yi fari, sai tausayi ya kama shi ya ƙara musu.

Suka yi ta tsawo kuwa, kuma nan ne ya fi ruɗuwa. A mako na biyu sun kai tsawon yatsa, sirara kamar zaren ɗinki, launinsu fari-fari, duk sun karkace wuya sun nufi 'yar tagar ɗakin kamar yara masu leƙen kokawa ta kan katanga. Ya ɗauka girma ne. Ashe yunwar haske ce: tsiron da bai samu rana ba yakan zuba duk ƙarfinsa a miƙewa neman ta, kara ya tafi ba kauri, ganye ba kore. Tumatir na son rana ta kai awa 6 a yini, su kuwa nasa abin da ke shigo musu bai fi na shan shayi ba.

Wata Asabar da asuba ya tarar rabin gwangwani guda sun kwanta. Kafin la'asar an yi uku. Ba su bushe ba, ganyensu na nan, gindin ne kawai ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa, kamar an murɗe shi da farce. Gogan ya duba, ya yi nazari irin na masu ilimi, ya gano cewa ƙishirwa ce. Ya ƙara ruwa.

Da ɗakin ya fara warin tabki, sauro kuma ya mai da shi unguwarsa, uwargida ta ba da wa'adi: ko gwangwanaye su fita, ko ita. Sai ya ɗauki guda ya rufe da ɗankwali kamar mai kai jariri asibiti, ya hau babur ya nufi garkar wani dattijo a hanyar Dungu.

Baba ya karɓa, ya karkata gwangwanin, ruwa ya tsiyayo baƙi ƙirin. Ya sunsuna, ya dubi gogan.

"Mushe, shinkafa ka shuka?"

"Tumatir ne, Baba."

"To, Allah Ya ji ƙansa. Ba ƙishi ya kashe shi ba, nutsewa ya yi."

Ya ja shi ya nuna masa fangalinsa na reno. An ɗaga shi sama da ƙasa don ruwa ya wuce. Kafin shuka an ƙona kara a kai, takin kuma tsohon da ya ruɓe ya huce ne, ba ɗanye ba. Iri a layi-layi, zurfin bai fi gaɓar yatsa ba, a rufe da ciyawa, ranar da tsiro ya leƙo a yaye ta. Ban ruwa da safe, in ƙasa ta nema a ƙara da yamma, kuma yatsa ake cusawa a tambaye ta, ba ido ba. Bayan mako 3 zuwa 4, in ya yi ganye huɗu ko biyar, a rage masa ruwa na 'yan kwanaki ya saba da wuya, sannan a dasa da yamma. Daga baya wani malamin gona ya ba cutar da ta kwantar da tsiron suna: ƙwayoyi ne dangin fumfuna, irin su Pythium da Rhizoctonia, suna zaune a ƙasa, ba abin da suke so kamar laima, cunkoso da ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wato duk abin da suke bukata gogan ya tanadar musu, har da taki.

Ya dawo gida da himma. Tsiro bakwai ne suka rage da rai. An ce rana suke so? Ya kwashe su da tsakar rana ya dire a tsakar gida, su da ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Abin da ake yi a hankali cikin mako guda, daga inuwa zuwa hantsi, shi ya gama shi a yini ɗaya. Kafin ya dawo daga sallar la'asar shida sun zama kamar dafaffen rama. Na bakwai yana inuwar randa, ya tsira.

Akuyar ce ta cinye shi washegari. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago, garar kuma ta biyo sawu.

Akwai saura, ko da yake gogan ba ya son a faɗa. A bakin magudanar wanke-wanke, inda uwargida ke watsa ruwan da ta wanke kayan miya, wani tumatir ya fito don kansa. Babu wanda ya shuka shi, babu wanda ya haska shi da fitila. Yara suka kifa masa tsohon kwando saboda akuya. Cikin watan Fabrairu ya yi 'ya'ya, ƙanana, masu tsami, irin na kasuwa. Duk ranar da aka sa su a miya, uwargida takan ajiye kwano ta ce, "Malam, ga na garkata, a ɗanɗana."

Gwangwanayen goma sha biyu suna nan a bayan ɗaki, yanzu duk an huda gindinsu. Mai bukata ya zo ya ɗauka, ba sai ya biya ko dala ba.