Tarwaɗa a Cikin Kindirmo: Nazari Kan Wata Liyafar Kifi Irin ta Yukiren a Garin Gaya

Ƙasar Yukiren, wadda kogin Dinifro ya ratsa ta tsakiyarta tun daga arewa har ya faɗa Bahar Aswad a kudu, tana cikin ƙasashen da kifi ke da babban matsayi a tukunyarsu, har ta kai a daren jajiberin Kirsimeti al'adarsu ta tanadi a jera abinci kala 12 babu nama a ciki, sai kifi da hatsi da kayan lambu. Biyu daga cikin girke-girkensu ne suka shafi wannan nazari. Na farko shi ne yushka, wato romon kifi marar kauri wanda masunta kan dafa a bakin kogi cikin tukunyar ƙarfe da aka rataya bisa wutar itace, a zuba masa albasa da karas da dankalin Turawa, sannan a ƙarshe a watsa wani ganye mai sirara da ƙamshi mai ƙarfi da suke kira kirip. Na biyu kuwa shi ne korop a cikin simetana: korop kifin tafki ne mai ɓawo da yawan ƙaya, simetana kuma ita ce maiƙon da ke tasowa a saman madara, wanda akan kwashe a bar shi ya yi tsami, sai a soya kifin da man furen rana, a lulluɓe shi da ita, a mayar kan wuta har ya tsotse.

Yaƙi ne ya kawo wannan ilimi gabashin Kano. Kafin ranar 24 ga Fabrairu, 2022, lokacin da Rasha ta ƙaddamar da mamayarta, akwai dubban ɗaliban Najeriya a jami'o'in birane irin su Karkif da Sumi da Tarnofil, da yawansu suna karatun likita, kuma a watan Maris na 2022 aka yi ta kwaso su ta ƙasashen Foland da Romaniya da Hungari. A cikin waɗanda suka dawo akwai ƙanwar wani magidanci, malamin makaranta a garin Gaya, wadda a wata hirar dare ta siffanta waɗannan girke-girke da irin murya ta mai kewa, shi kuwa yayan nata ya jawo takardar jarrabawar wani ɗalibi ya rubuce su a bayanta. Magidancin yana da kusanci da mai wannan nazari irin wanda ko wuƙa ba ta rabawa, abin da ya sa aka samu bayanan da a bisa al'ada ba sa fita daga zaure. Tarihin girkinsa kuwa kafin wannan lokaci bai wuce shayi da Indomie na zamanin gwaurantaka ba.

Matsalar farko ta hurumi ce. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka sauka a gindin dutsen Dala neman tama, daga Gaya suka taso, saboda haka ba za a ce mazan garin baƙin wuta ba ne. Sai dai wutar maƙera daban, wutar madafa daban, kuma ita ta biyun tana ƙarƙashin ikon uwargida ne ba tare da abokin tarayya ba. Da magidancin ya sanar da niyyarsa ta dafa girke-girken da kansa, tambayar da ya samu ita ce, "Malam, ko dai wani laifi na yi maka?" Bayan doguwar tattaunawa aka cimma yarjejeniyar cewa za a ba shi aron murhu ɗaya da tukunya biyu daga la'asar zuwa magariba, bisa sharaɗin ba zai nemi taimako ba, ita kuma ba za ta sa baki ba, sharaɗin da ta cika ta hanyar shimfiɗa tabarma a inda take ganin komai.

Daga nan aka shiga babin musanye, wanda ginshiƙinsa shi ne karin maganar nan cewa a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Man furen rana, wanda kafin yaƙin, Yukiren ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, man gyaɗa ya tsaya masa, kuma wannan ne kaɗai musanyen da bai haifar da ƙorafi ba. Kirip kuwa babu mai kayan miyan da ya taɓa jin labarinsa, sai magidancin ya lura cewa ganyen karas ya yi kama da shi, ya kuma tabbatar cewa a ilimin tsirrai dangi ɗaya suke, ya manta cewa zumunci ba ya gadar da ƙamshi. Simetana aka maye gurbinta da kindirmo, wanda aka yo saƙonsa daga matan Fulani na wajen Ajingi a tsakiyar zafin bazara, ya kuma yi tafiyarsa a bayan babur, ta yadda kafin ya iso Gaya tsaminsa ya riga ya ƙaru ninki. A ɓangaren kifi, hankali zai nuna cewa karfasa ce ta fi kusa da korop, tunda ita ma mai ɓawo ce, kuma ita magidancin ya nufa ranar Juma'a da ya je Wudil, inda kogin da ya haɗe ruwan Kano da na Challawa ke wucewa ya nufi Haɗeja. Amma mai kifin ya ɗago wata ƙatuwar tarwaɗa mai rai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ko su Turawan da ka ambata, da sun ga wannan da sun watsar da nasu," kuma da yake babu Baturen da zai musa a wurin, hujjar ta tsaya.

Tarwaɗa, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, tana da wata gaɓa a saman sassan numfashinta wadda ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa takan yi sa'o'i a wajen ruwa ba ta mutu ba, har ta ja ciki a ƙasa tana dogarawa da ƙayoyin da ke gefen kanta. Jikinta kuma babu ɓawo, sai wani yauƙi mai santsi da ke kare ta. Duk waɗannan siffofi an gan su a aikace a tsakar gidan. Da aka ɗaga murfin bahon da yake ciki, kifin ya yi tsalle ya dira ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin turmi, ya tarwatsa kaji, ya doshi magudanar ruwa, magidancin na biye da shi da wuƙa a hannu da hula a karkace, yara kuma suna ba kifin ƙwarin gwiwa a fili. An kama shi ne bayan ya soki babban yatsan mai gidan, kuma da ƙyar aka raba shi da yauƙinsa da ruwan zafi da lemon tsami mai yawa, wanda ba a ɗauraye sosai ba, sakacin da sakamakonsa zai bayyana nan gaba.

Yushka ta fara da alamun nasara, domin kai da jelar tarwaɗa ba su da rowar romo. Al'adar masuntan Yukiren ta tanadi abubuwa biyu a ƙarshen dahuwa: a tsiyaya ɗan ƙaramin kofi na barasar bodka, sannan a zaro itace mai ci daga wuta a tsoma shi cikin tukunyar na ɗan lokaci domin romon ya ɗauki ƙamshin hayaƙi. Na farkon an soke shi ba tare da muhawara ba saboda haramcinsa. Na biyun kuwa magidancin ya riƙe shi da ƙarfi, a ganinsa shi ne ruhin girkin, sai dai su can itacen 'ya'yan marmari ko makamancinsa suke tsomawa, alhali abin da ke cikin murhun Gaya a ranar reshen darbejiya ne da bai gama bushewa ba. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne kuma ta bazu a ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ta yi suna a inuwa da maganin zazzaɓi, ɗacinta kuwa ba ya buƙatar shaida. Kuma da yake takardar ba ta fayyace tsawon lokacin tsomawar ba, sai aka bar reshen a ciki har aka idar da alwala.

Abin da ya sami girki na biyu yana da bayani a kimiyyance. Simetana tana jure wuta ne saboda yawan maiƙonta, wanda kan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma shi maiƙon ne ke hana sinadarin gina jiki da ke cikin madara dunƙulewa. Kindirmo kuwa madara ce sukutum da aka bari ta yi barci, maiƙonta kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta, don haka da zarar zafi da tsami sun haɗu a kansa sai ya tsinke, ruwa ya ware gefe, sauran ya yi gudaji. A nan an haɗa masa wutar itace mai ƙarfi da tsamin bazara da ragowar lemon da aka wanke kifin da shi, saboda haka cikin ɗan lokaci gunduwoyin tarwaɗar suka koma suna iyo a cikin wani ruwa mai launin ɗorawa, kewaye da fararen gudaji kamar awarar da aka fasa kafin a matse ta. Magidancin ya watsa ganyen karas a kai, ya sauke.

Mahaifiyarsa ce ta fara ganin akushin, kuma ba ta tsaya kan batun ɗanɗano ba, domin a wurinta magana ta wuce nan: haɗa kifi da nono, a camfin da ta gada, hanya ce ta kiran kuturta. Ba daidai ba ne a yi wa wannan tsoro dariyar ƙauyanci, tunda a shekarar 1906 wani babban likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya wallafa littafi guda yana kafa hujjar cewa cin kifin da ya lalace ne ke kawo cutar, alhali tun 1873 likitan Norwe Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta a birnin Bergen. Magidancin ya gabatar da wannan tarihi a tsanake, ya ce, "Hajiya, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba abinci ba," ita kuwa abin da ta tsinta a cikin jawabin shi ne cewa har likitan Turawa ya taɓa faɗa, sai ta tattara jikokinta ta shige da su ɗaki.

Baƙon da ya rage shi ne taubashin mai gidan da ya taso daga Ajingi, wato ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda al'adar wasan dangi ta ba shi lasisin faɗin abin da kowa ke haɗiyewa. Ya kurɓi yushka, ya yi shiru, sannan ya yi godiya cewa dama tun shekaranjiya yake jin zazzaɓi. Da ya juya kan girki na biyu ya nemi yaji, aka shaida masa cewa mutanen Yukiren ba su cika sa barkono mai zafi a irin wannan abinci ba, sai ya ce lalle yanzu ya ƙara tausaya musu. Yana cikin haka uwargida, wadda ba ta karya sharaɗin shiru ba ko da kalma ɗaya, ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, waɗanda ɗuminsu ya nuna cewa an ɗora su ne a gidan maƙwabta tun kafin a ɗaga murfin baho. Washegari ta tsame gunduwoyin kifin, ta wanke su, ta mayar da su farfesu da attaruhu da citta da daddawa, aka cinye ba tare da an ambaci wata ƙasa ba.

Saura batun ingancin majiya, wanda ya kamata a ce da shi aka fara. Da aka kira ƙanwar a waya domin ta nuna inda aka kauce wa ƙa'ida, sai ta bayyana cewa ita ba ta taɓa dafa ko ɗaya daga cikin girke-girken biyu ba: korop ta ci shi ne a gidan wata malamarsu, zancen tsoma itace kuwa a bakin wani ɗan ajinsu ta ji, kuma a tsawon zamanta a Karkif dafa-duka suke yi da yajin da ake aika musu daga gida. "Yaya, ai na zaci hira kawai muke yi," in ji ta. Hajiya kuwa har bayan ƙaramar salla, duk safiyar da ya shiga gaishe ta, sai ta sa ya miƙo hannuwansa ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.