Ranar da Aka Zauna a Kaina Saboda Ɗan da Ban Haifa Ba

Wata Asabar ce a watan Oktoban 2024 na dawo daga aski na tarar da takalma ƙafa uku a ƙofar falona, alhali ban gayyaci kowa ba. Na Baffa na fara ganewa, don shi kaɗai ne a danginmu yake take dunduniyar takalmi har ta kwanta. Kusa da shi silifas ɗin Hajiyarmu, sai wani sau-ciki mai sheƙi, na yayan matata, malamin lissafi a sakandare, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar da ya karɓi sadaki. Na yi sallama, aka amsa a daƙile. Maiɗakina tana rakuɓe a gefe da mayafi, akwatinta a tsaye kusa da ita. A tsakiyar tebur kuwa ga littafin rubutuna, irin na 'yan firamare mai jan bango, wanda na rubuta wa da manyan baƙaƙe: YADDA NAKE SO A ƘARE.

Cikina ya ɗuri ruwa.

Asalin littafin nan tun ina ɗalibi a Zariya ne, a 2010, lokacin da wani abokin ɗakina ya sa mini wasan Dragon Age: Origins a kwamfuta. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ne ya fitar da shi a ƙarshen 2009, kuma abin da ya kama ni ba saran takobi ba ne, shawara ce. Wasan yana damƙa maka hukunci: wa zai hau gadon sarautar Ferelden, a kashe maci amana Loghain ko a yi masa afuwa, kuma abin da ka zaɓa yana bin ka zuwa wasa na gaba kamar bashin adashi. Na biyun ya zo a 2011, na ukun, Inquisition, a 2014. Sai a 2015 aka ƙara masa wani ɗan babi mai suna Trespasser, aka ƙare shi da soka wuƙa a kan taswirar ƙasar Tevinter, aka bar mu a tsaye. Shekara tara muna jira. A cikin shekarun nan na yi aure, na haifi 'ya'ya biyu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, ni kuwa duk daren da wani buri ya zo mini game da yadda ya kamata labarin ya ƙare sai in rubuta. Kuskurena ɗaya: da bakin “ni” nake rubutawa.

Maiɗakina kuma takardar da za ta rubuta lissafin cefane take nema, ta ci karo da littafin.

Baffa ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin farko ya karanta da muryar da yake karanta takardar gado: “Na ɗaya. In koma wurin Morrigan da ɗanmu Kieran, mu zauna gida ɗaya. Yaron nan ya girma bai san ubansa yadda ya kamata ba.”

Ya ɗago. “Wace ce Morigan?”

Da ina da wayo da na ce tatsuniya ce, a wuce wurin. Amma duk wanda ya shekara goma sha huɗu yana neman mai tambayarsa labarin Thedas, duniyar wasan, ranar da ya samu ba ya iya riƙe bakinsa. Na ce, “Baffa, 'yar dajin Korcari ce.”

“A wace ƙaramar hukuma?”

“A kudancin Ferelden.”

“Iyayenta fa? Sun sani?”

“Uwarta ce ma ta haɗa mu tafiya. Sunanta Flemeth, tana rikiɗa ta zama dodo mai fukafukai. Daga baya 'yar ta roƙe ni na je na kashe ta, amma ta dawo.”

Hajiya ta saki salati ta dafe ƙirji. Maiɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na yi sauri na shiga bayani: ni sojan rundunar Grey Warden ne, mun sha jinin miyagun halittu don mu iya yaƙar su, kuma duk wanda ya kashe babban dodonsu daga cikinmu shi ma mutuwa yake yi, sai Morrigan ta zo da dabarar da idan aka samu rabo kowa zai tsira. Ina cikin magana ina jin yadda kowace kalma take ƙara zurfin ramin da nake ciki.

Wanda ban taɓa zaton zai cece ni ba shi ya cece ni. Yayan matata ya zaro biro ya ce, “Tsaya. A wace shekara aka yi cikin?” Na ce 2010. “Yaushe ka fara ganin yaron?” Na ce 2015, a wasa na uku, yana da kamar shekara 10. Ya rubuta a tafin hannunsa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, “Baba, wannan lissafin bai fita ba.” Mutumin nan zai iya yarda na yi ɗan gaba da Fatiha, zai iya yarda na kashe surukata ta tashi, amma ba zai yarda biyar ta zama goma ba.

Na fara jin iska tana shiga ta, sai Baffa ya juya shafi.

A nan sai na faɗi wani abu da duk zuriyarmu ta sani ba a faɗa. Baffa ba ya cire hula. Ko alwala zai yi, ɗan turata baya yake yi ya shafa ya mayar, cikin ƙiftawar ido. Ya karanta: “Na bakwai. Mai sanƙon nan ya ci amanata. Na ba shi zuciyata, ya rabu da ni a bakin ruwa ba dalili, ya dawo bayan shekara biyu ya raba ni da hannuna na hagu. Ko dai ya durƙusa ya tuba, ko a fasa ƙwan.”

Falon ya yi tsit. Hannun Baffa ya tafi a hankali ya danna hularsa. Idon Hajiya kuwa yana kan hannuna na hagu tana ƙirga yatsu.

Na ce, “Wallahi Baffa ba kai ba ne, Solas ne. Masu buga wasan ne suke ce masa ƙwai saboda kansa.”

“Namiji ne?”

“Namiji ne.”

“Kuma ka ba shi zuciyarka.”

Ban ga wata hanya ba. Solas ba ya neman kowa a wasan sai mace daga jinsinsa na elf, masu dogayen kunnuwa, ni kuma kwaɗayin jin ƙarshen zancensa ya sa na sake wasan daga farko. Na sunkuyar da kai na ce, “A na ukun, ni mace ce.”

Rawar kafaɗun maiɗakina ta ƙaru. A lokacin na gane ba kuka take yi ba.

Na ce a bari in kunna kwamfuta kowa ya gani da idonsa. Babu wuta tun safe, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da rasuwa. Janareta ba mai. Haka na ɗauki jarka na fita da sabon askina cikin rana, na dawo na ja igiya sau goma sha ɗaya, surukina yana tsaye a kaina yana ƙirgawa. Da hoton ya fito, Baffa ya matso da kujera ya daɗe yana kallon Solas, siriri, cikin tufafin matafiyi, da muƙamuƙin dabba rataye a wuya. Ya ce, “Wannan ai ko ni zan ba shi ajiya. Dubi natsuwa. Me ya yi?”

Abin nema ya samu. Na ce shi ne Fen'Harel, Kyarkecin da mutanensa suke tsinewa a tatsuniyoyinsu. Dubban shekaru da suka wuce wasu azzaluman matsafa suna mulkin elf, ana bauta musu, sai ya yi musu tawaye ya kulle su, ya kafa wani Labule tsakanin duniyar mutane da duniyar mafarki da iskoki. Labulen ya tsare azzaluman, amma shi ne ya karya mutanensa, tsawon rai ya ƙare musu, daularsu ta ruguje, jikokinsu suka koma bayi da 'yan rakuɓe a bayan gari. Ya farka daga dogon barci ya ga ɓarnar da ya yi, shi ne yake so ya yage Labulen, ko da duniyar yanzu za ta ƙone.

Na gaya masa yadda muka rabu a majalisarmu ta wurin mai shayi, mu huɗu da muke buga wasan. Ɗaya fasa ƙwan kawai yake so, da hannunsa, a hankali. Ɗaya yana so a yage Labulen a ga abin da zai faru, irin mutanen da ke zuwa kallon gobara da kujera. Na ukun bai damu da Solas ba ko kaɗan, shi dai a fito masa da Hawke, gwarzon wasa na biyu, wanda shi da kansa ya bari a duniyar iskoki, yanzu kuma yake neman wanda zai ɗora wa laifi. Mun sha yin faɗa har shayi ya huce, kuma sai daga baya na lura ba labari ɗaya muke wa gardama ba. A wurin wannan Alistair na wasan farko sarki ne, a wurin wancan mashayi ne a wata mashaya a Kirkwall, a wurin na ukun ya mutu tun 2010. Kowa yana neman a rufe masa ƙofar gidan da shi kaɗai ya gina.

Baffa ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, “Wato mutum ya gina katanga, jama'a suka zo suka yi gidaje a jikinta kaka da kakanni, yau ya ce zai rushe don shi ya gina. Ba a kashe irin wannan, ba a kuma sakin sa. A ɗaure shi a jikin katangar ya yi gadinta.” Ya miƙe ya gyara babbar riga. Hajiya ta ce a nemo mini rubutu in sha. Akwatin kuwa, da na ɗaga zan mayar ɗaki, sai na ji ba komai a ciki.

Ranar 31 ga Oktoba wasan ya fito, da sunan The Veilguard, bayan an shekara biyu ana kiransa Dreadwolf. Wajen giga 100 ne, kwana huɗu ina sauke shi, kuɗin data kuma ba zan rubuta a nan ba don maiɗakina tana karanta abin da nake rubutawa yanzu. Na zauna da jan littafina a cinya, a shirye nake a tambaye ni tarihina kaf. Tambaya uku aka yi mini: wa na so a wasa na uku, na rusa rundunata ko na bar ta, kuma na yi alwashin tsayar da Solas ne ko ceto shi. Shafi 38 na buri, aka karɓi layi uku.

Ita kuma ta mayar da abin fim ɗin dare. Da ta kwantar da yara sai ta jawo kujera da kwanon gyaɗa. A dare na shida ta nuna Varric, gajeren nan mai baka da ya raka mu tun 2011, yana kwance a ɗakin jinya yana ba ni shawara, ta ce, “Abban yara, wannan ban ga kowa yana yi masa magana ba sai kai.” Na ce ba ta san wasan ba. Mako biyu bayan haka aka bayyana cewa tun a farkon wasan ya mutu, wuƙar Solas ce ta kashe shi, ni kaɗai nake ganin sa. Ba ta ce komai ba, ta dai miƙo mini gyaɗa. Da Morrigan ta fito kuwa ta gyara zama ta ƙare mata kallo sama da ƙasa, ta jira har ta gama magana, sannan ta ce, “Ban ji ta tambayi lafiyarka ba. Yaron ma ba ta ambace shi ba.”

Daren ƙarshe muka iso gaban Solas. Zaɓi uku ne: a yaƙe shi, a yaudare shi da wuƙar bogi, ko a lallashe shi ya tuba. Na sha wahalar tattara duk abin da ake buƙata don na ukun, domin a shafi na 31, wanda Allah ya rufa asiri Baffa bai kai ba, na rubuta cewa ina so ya tuba in bi shi duk inda za shi. Na kai hannu zan danna, ta riƙe mini wuyan hannu.

“Shekara tara bai aiko ko gaisuwa ba, ki ce za ki bi shi?”

“Ki?”

“Ba ke ce ba? Miƙo nan.”

Ta danna wuƙar bogi. Solas ya karɓa, ya gane an yi masa irin tasa, aka ɗaure rayuwarsa a jikin Labulen, ya zama shi ne mai riƙe da shi. Daga baya na sake bugawa a ɓoye na gwada sauran biyun, ko ta ina aka bi nan ake ƙarewa: mai katanga yana gadin katangarsa.

Da safe na kira Baffa na gaya masa hukuncinsa aka zartar. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce madalla, ya tambayi mutanen gida, har zan kashe wayar sai ya rage murya ya ce, “Shi yaron fa, Kiran yake ko wa? An samu labarinsa?”