Takardun da Ba Su Shiga Murhu Ba

A 1825 wani limamin coci a ƙauyen Haworth na Ingila, Patrick Brontë, ya cire 'ya'yansa mata daga makarantar kwana inda biyu suka kamu da rashin lafiyar da ta yi ajalinsu. Karatu ya koma gida, shi da 'yar'uwar marigayiya matarsa suna kula.

Shekara na zagayowa ya sayo wa ɗansa Branwell sojojin katako 12. A tunaninsa ya sayi zaman lafiya ne. Ina! Yaran huɗu, wato Branwell da 'yan'uwansa mata, suka raba sojojin, suka raɗa musu suna, suka kafa musu daula a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen da ba wanda ya taɓa takawa cikinsu. Daula kuwa ba ta tafiya ba mujalla. Sai suka shiga yanka takarda, suna ɗinke littattafai da zare, girman kowanne bai wuce kwalin ashana ba, bangon wasu ma takardar ƙunshin sukari ce. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, wai don sojojin su iya karantawa. Cewa idon manya ba ya ganinsa, wannan riba ce ta daban.

Charlotte, ɗaya daga cikin yaran, wadda daga baya ta rubuta Jane Eyre, ta haɗa ɗaya daga cikin littattafan a 1830 tana da shekara 14. A Nuwamban 2019 aka yi gwanjonsa a Paris, ya tashi Yuro 780,000. Masu sayen su ne masu kula da gidan tarihin Haworth, wato gidan da aka ɓata takardar.