Mazhabobin Masu Walƙiya a Iferwan

Duk wanda Allah ya nufa da halartar Bikin Azbin a Iferwan, gindin dutsen Tamgak, inda Buzaye ke taruwa da raƙumansu tun 2001, ya san babu abin da ke tona asirin mai hoto kamar fuskar wanda ya naɗa amawali da tsakar rana, domin rana tana bisa ka, rawani ya yi rumfa, idanun da aka zo ɗauka kuwa sun shige duhu kamar ruwan rijiya gaba dubu. A kan wannan mas'ala masu kyamara suka yi saɓani.

Akwai mubazzari, wanda bai san walƙiyar kyamara tana da mizani ba, yakan sake ta gaba ɗaya daga taku biyu. Da yake turkuɗin Kura sheƙi gare shi, sai ya mayar da hasken, a ga dattijo mai haiba kamar an naɗe shi da kwanon rufi, raƙuminsa kuma da idanun aljani.

Kishiyarsa zahidi ne, walƙiya a wurinsa bidi'a ce. Hotonsa yakan fito da duwatsu da dabinai tsaf, a tsakiya ga wani baƙin kututture, har mai shi ya juya hoton sau biyu ya ce, "Malam, ni ina nake?"

Na fi jin tausayin wanda ke harba wa Tamgak walƙiya bayan magariba, alhali kuwa duk sa'ad da nisa ya ninka, rubu'in hasken ne ke isa. Abin da yake samu bai wuce ƙura da kunnen jakin da ke wucewa ba.

Amma mujtahidi, Allah ya ƙara masa basira, yakan jira la'asar sakaliya, ya fara auna hasken sama, sa'an nan ya rage walƙiya har ta zama kamar gishiri a miya, ta buɗe ido ba tare da ta kashe inuwa ba. Aibinsa ɗaya ne. Na ga wani ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, yana ta "Saura kaɗan, Baba," har dattijon ya ji kiran salla, ya zaburi amalensa, mujtahidi ya sami hoton wutsiya wadda haskenta ya daidaita ƙwarai.